Kalmomin nazarin wasan kwaikwayo

Duk ɗalibin da zai rubuta jarrabawar Hausa ta WAEC ko NECO, a Bebeji yake ko Kiru, ko Tudun Wada ko Doguwa, sai ya ci karo da wasu kalmomi da ake nazarin wasan kwaikwayo da su.

Kalmomin dai ba su da yawa, amma rashin saninsu kan sa ɗalibi ya ɓuge da ba da labarin wasa a inda aka ce ya yi nazarinsa.

Wasan kwaikwayo

Shi ne mutane su kwaikwayi halaye da maganganun wasu a gaban 'yan kallo, domin nishaɗi da kuma gyaran hali.

Hausawa sun san shi tun kafin zuwan boko. Akwai tashe da yara ke farawa daga goma ga watan azumi, da kalankuwa da samarin ƙauye ke yi bayan girbi suna kwaikwayon sarki da fadawansa, da kuma wasan 'yan kama masu kwaikwayon malamai.

Rubutaccen wasa kuwa ya soma ne a zamanin Turawa, kuma Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda aka buga a 1949, na cikin na farko da Bahaushe ya rubuta.

Jigo, zubi da tsari

Jigo shi ne babban saƙon da wasa ke ɗauke da shi. A Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, na 1979, jigon shi ne gargaɗi kan yadda masu kuɗi ke lalata tarbiyyar 'yan mata 'yan makaranta.

Bin wasa daki-daki don nuna yadda saƙon ya fito shi ake kira warwarar jigo.

Zubi da tsari kuma shi ne yadda aka jera abubuwan da suka faru, daga ƙulluwar rikici zuwa warwarewarsa. Ana raba wasa zuwa kashi-kashi, kowane kashi kuma zuwa fitowa-fitowa. Sauya wuri ko lokaci shi ke kawo sabuwar fitowa.

Taurari da salo

Taurari su ne mutanen cikin wasa. Babban tauraro shi ne wanda labarin ke kewayawa a kansa, ba lalle ya zama mutumin kirki ba.

Salo kuwa shi ne dabarar sarrafa harshe, kamar karin magana da habaici da zambo, da sunayen da ke tona halin masu su, irin Alhaji Ruwan Ido na Kulɓa Na Ɓarna.

Ban dariya da ban tausayi

Wannan rabe-raben ya samo asali ne daga tsohuwar Girka. Masanin nan Aristotil, wanda ya rayu a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, ya bayyana wasan ban tausayi da cewa shi ne wanda mutum mai daraja ke faɗuwa saboda kuskuren kansa, har 'yan kallo su ji tsoro da tausayi.

Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi ya yi kusa da wannan ma'ana, domin Malam Jatau attajiri ne da ya ƙi jin shawara ya auri Kyallu, har dukiyarsa ta salwanta.

Shi kuwa wasan ban dariya, ƙarshensa ne ma'auni: rikicin ya warware cikin farin ciki, sau da yawa da aure. Misalinsa shi ne Daren Sha Biyu, wasan Shakespeare da Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara a 1971.

Barkwanci irin na Samanja ko na marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, reshe ne kawai na wannan kaso.

To sai dai wasannin Hausa da dama ba sa shiga ɗaya daga cikin biyun kai tsaye. Uwar Gulma na Mohammed Sada na cike da raha, alhali wahalar da Halima ke sha a gidan Hayatu ba abin dariya ba ce.

Dalili kuwa shi ne, marubutan sun fi mayar da hankali ga wa'azi da hannunka mai sanda, saboda haka jigo ya fi saurin bayyana irin wasan fiye da tambayar ko an yi dariya ko an yi kuka.