Yadda Zafi Ya Maye Gurbin Ruwa Wajen Curin Ƙwayar Magani

A shekarar 1843 wani mai zane ɗan Ingila, William Brockedon, ya yi rajistar wata dabara ta matse garin magani a cikin ramin ƙarfe har ya dunƙule. Daga nan tarihin ƙwayar magani ta zamani ya faro. Sai dai masu sana'ar ba su jima ba suka gano cewa lallausan gari ba ya zuba daidai a cikin inji, kuma yawancinsa ba ya kama jikinsa. Idan zubin ya bambanta, nauyin ƙwayoyin zai bambanta, wani majiyyaci ya sha fiye da ƙima, wani ya sha ƙasa da ita.

Mafitar da ta daɗe tana aiki ita ce a yayyafa wa garin ruwa mai ɗanƙo, a cuɗa shi ya koma kamar tsaki, a busar, sannan a matse. Amma busarwa tana cin lokaci da wuta, kuma akwai magungunan da danshi ke lalatawa. Asfirin, alal misali, yana warwarewa idan ya haɗu da ruwa.

Wannan ne ya sa aka koma ga zafi. Ana haɗa garin da wani daskararren abu mai saurin narkewa, kamar kaki ko sinadarin PEG, a ɗumama har ya narke ya lulluɓe garin. Da ya huce sai ya sake daskarewa, tsakin ya fito ba tare da ɗigon ruwa ba. Daga baya aka aro injin dunƙula mai sukurori biyu daga masana'antar roba, aikin ya zama ba tsayawa.

Amfanin dabarar ya fito fili a maganin ciwon sukari. Metformin yana da wuyar matsewa, ga shi ana shan sa da yawa, shi kuwa vildagliptin ba ya jure danshi. Kamfanin Novartis ya cura metformin da zafi, ya haɗa su biyun a ƙwaya guda mai suna Eucreas, wadda Turai ta amince da ita a 2007.

Dabarar tana da iyakarta, domin maganin da zafi ke ɓatawa ba ya shiga wannan inji. Shi ya sa har yau masana'antu ke riƙe da hanyoyin biyu, halin sinadarin ne ke zaɓar wadda za a bi.