Daga Eriyar Waya Zuwa Kwandon Satalayit: Tarihin Sauraronmu a Kurmi

Duk wanda ya zauna a Trans-Amadi lokacin da mayankar Silota ke kan ganiyarta zai tuna da ƙarfe takwas da rabi na dare. An idar da Isha'i, mai shayi ya fasa ƙwai, mutum ashirin sun kewaye akwati guda, ba mai tari. Maƙwabtanmu 'yan ƙasa sukan tsokane mu, wai Aboki da rediyonsa kamar jariri da goyo. Gaskiya suka faɗa, sai dai ba su san dalilin ba, kuma yaranmu da aka haifa a nan su ma ba su sani ba. Shi ya sa muka ga ya kamata a rubuta.

Zamanmu a wannan yanki ba na jiya ba ne. Iyayenmu sun zo da shanu da albasa da wake, suna komawa da goro da manja, tun zamanin Turawa. Har ta kai Malam Umaru Altine, Bafulatanin Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Rikicin 1966 da yaƙin basasa suka watsa zangunanmu, sai bayan 1970 aka fara dawowa da ɗaiɗai. Dattawan da suka ga wancan lokaci sun bar mana darasi guda da ba su gajiya da maimaitawa: wanda ya riga jin labari, shi ya riga shiga jirgi. Tun daga nan rediyo ta daina zama abin nishaɗi a wurinmu.

Abin da muka taso muka tarar shi ne gajeren zango. BBC ta buɗe sashen Hausa a Maris na 1957, Muryar Jamus ta biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979. Faransa ce ta makara, sai 2007. Amma uwa a gare mu ita ce Rediyon Kaduna, wadda aka kafa a 1962 zamanin Sardauna. A mita 49 muke kamo ta. Idan azumi ya zo, tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello da na Sheikh Ɗahiru Bauchi duk ta nan muke ji, kowa da wanda yake bi, a yi ta muhawara har sahur. Ga Zaɓi Sonka, inda mutum zai ji an gaishe shi daga Funtuwa yana zaune a bakin ruwan Fatakwal. Wallahi mun ga ƙato majiyin ƙarfi ya share hawaye saboda an kira sunan ƙauyensu.

Gajeren zango yana da hali irin nasa. Muryar takan hau sama can ta bugi rufin iska ta dawo ƙasa mai nisa, shi ya sa take ratsa ƙasashe, kuma ta fi fita da dare da asuba. Da rana sai ta yi ta zuwa tana komawa kamar mai magana a bayan ƙofa. Mukan ɗaura siririyar waya a kan eriya mu jefa ta bisa kwano. Da janareto ya cika unguwa, ga kuma ƙwan fitila na zamani, ƙugi ya riƙa cinye maganar. Daidai inda ake cewa "mutum kaza ne suka rasu a garin...", nan za ta shaƙe.

To me ya hana mu kama tashoshin gari, ga su tangaran ba ƙugi? A 1992 gwamnatin Babangida ta yi dokar da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo, ta farko ta fara aiki a Legas a 1994, daga baya FM ta cika Fatakwal da Inugu da Anaca. Mun yi murna da farko. Amma FM ba ta wuce inda hasumiyarta ke hange, saboda haka tashar gari da mutanen gari take magana. Kiɗa daga safe har dare, wa'azin coci, tallan magani, labarai da Turanci da Buroka da harsunan gida irin su Ikwerre da Kalabari, ko Ibo a ƙetare. Ba mu ga laifinsu a kan wannan ba, garinsu ne. Abin da ya yi mana ciwo shi ne idan aka ambace mu, galibi a labarin faɗa ne ko kama ɓarawo, a ce "wani ɗan Arewa", alhali idan an buɗe sabuwar Islamiyya ko an yi sulhu a kasuwa babu mai zuwa. Mun taɓa haɗa kuɗi a masallaci muka sayi rabin sa'a a wata tasha don tafsirin azumi. Kwana uku aka sa, na huɗu aka ce an sami wanda ya fi mu biya. Ba a dawo mana da ko kwabo ba.

Mu da muke jan salla muna da wata damuwar daban, wato wata. Sanarwar Sarkin Musulmi kan fito da dare daga Sakkwato, kuma tashar da ke tsakiyar kiɗan daren Asabar ba za ta tsaya saboda mu ba. Akwai shekarar da rabin zango ya tashi da azumi, rabi ya karya kumallo.

Sai babban abin. A Fabrairun 2000 aka yi rikicin Shari'a a Kaduna, mako guda bayan haka ramuwa ta sauka a Aba. A Fabrairun 2006 aka kashe Kiristoci a Maiduguri kan zanen ɓatanci na Denmark, kwana uku tsakani wuta ta kama a Anaca, 'yan'uwanmu suka riƙa tsallaka gada zuwa Asaba, wasu suka fake a bariki. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu, namu da nasu, domin su ma an kashe musu mutanen da ba su ji ba su gani ba, kuma akwai maƙwabta Ibo da suka ɓoye Hausawa a ɗakunansu. Abin lura a nan shi ne 'yan kwanakin da ke tsakanin rikicin can da ramuwar nan. A cikinsu ne mutum yake kwashe iyali, ya rage kaya a rumfa, ya hana motar shanu tasowa. Tashoshin gari sukan yi shiru a irin wannan lokaci, wataƙila don kada su zuga, kuma ba za mu ce hikimar banza ba ce. Amma mu shirun bai amfane mu ba. Ga shi a Afrilun 2004 hukumar kula da gidajen rediyo ta hana tashoshin cikin gida ɗauko labaran ƙasashen waje kai tsaye, har BBC ta Turanci da ake ji a FM ta ɗauke.

A cikin wannan ƙunci ne aka fara ɗaga kai sama. Wani haifaffen Habasha mazaunin Amurka, Noah Samara, ya kafa kamfanin WorldSpace, aka harba masa tauraron ɗan'adam mai suna AfriStar a Oktoban 1998. Akwatunan Hitachi ne da Sanyo da JVC da Panasonic, kowanne da 'yar eriya kamar murfin kwano, a ajiye ta inda take kallon sama. A lokacin tauraron yana can kimanin kilomita 36,000, yana juyawa daidai da juyawar duniya, saboda haka kullum a wuri guda yake. Ranar da wani Alhaji dillalin shanu ya kunna nasa a rumfa, mutane sun ɗauka kaset ne, don ba a taɓa jin Landan garau haka ba. Sai dai tsada ta hana talaka, yawancin tashoshin kuma da Turanci ne da Faransanci, daga baya aka ce sai an riƙa biyan kuɗi. A Oktoban 2008 kamfanin ya karye. Akwatin Alhaji yau jikokinsa ke wasa da shi.

Wanda ya zauna da gindinsa shi ne kwandon satalayit da dikoda ta kyauta. Da yawa don kallon Ka'aba da ƙwallo suka saya, sai aka gano akwai jerin tashoshin rediyo a ciki. Mai shayi ya jona lasifika, masallaci ma ya kafa nasa. Muka koma jin karatun Alƙur'ani daga ƙasashen Larabawa ba yankewa, daga baya tashoshin Hausa na talabijin suka hau, irin Arewa24 a 2014 da na wa'azi irin Sunnah TV da Manara. Shi ma da nasa aibin. Ruwan Fatakwal in ya sauko da gaske hoto da murya duk tafiya suke, ga shi ba ya aiki sai da wuta, ba a kuma rataya shi a wuya a bi shanu. Shi ya sa ƙaramar Kchibo mai batir biyu ba ta taɓa barin aljihu ba.

Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa ba. Da muka juya wa tashoshin gari baya, mun wayi gari mun san abin da ke faruwa a Gaza da Yamai, ba mu san abin da aka yanke a gidan gwamnatin jihar da muke kwana a ciki ba. A Mayun 2020, lokacin korona, da aka rufe Fatakwal da Obio/Akpor, a tashoshin gari aka yi ta sanarwa. Wasu yaranmu suka fito da baro da sassafe kamar kullum, sai da shugabannin zango suka bi sawunsu. Haka ranar shara, haka sanarwar rusau. Tun daga lokacin muka sa wani matashi mai jin Buroka ya riƙa sauraron labaran jiha, ya faɗa mana bayan Magariba.

Yanzu waya ta shigo, tun zuwan GSM a 2001 har ta zama ita ce rediyon matasa. Freedom Radio ta Kano ma a waya ake jin ta. A Maris na 2025 Muryar Amurka ta yi shiru bayan umarnin Shugaba Trump, dattawa suka yi ta murɗa akwati suna zaton batir ne ya mutu. Saƙon murya kuwa a WhatsApp yakan iso kafin kowace tasha, wani gaskiya, wani tsohon bidiyo ne na wata ƙasa. Ko a kwanan baya an kawo mana irinsa a masallaci, wai an tare motoci a hanyar Aba, har wasu sun fara rufe rumfa. Muka ce kowa ya zauna, a kira direbobinmu da ke kan hanya, a kuma jira shirin takwas da rabi.