Hurricane, Jirgin Yaƙin Ingila da Ya Bi ta Kano

Hurricane jirgin yaƙi ne mai ɗaukar mutum ɗaya, wanda kamfanin Hawker na Ingila ya ƙera gab da Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin da dattawa a ƙasar Hausa ke kira yaƙin Hitila. Ma'anar sunan ita ce guguwa mai ƙarfi. Injiniya Sydney Camm ne ya zana shi. Ya fara tashi ranar 6 ga Nuwamba 1935 a filin Brooklands, rundunar sojan sama ta Ingila kuma ta fara aiki da shi a Disamba 1937. Injinsa ƙirar Rolls-Royce ne mai suna Merlin, gudunsa ya ɗan haura kilomita 500 a awa, yana ɗauke da bindigogi takwas masu ruwan harsashi, huɗu a kowane fiffike.

Ko a zamaninsa ƙirarsa tsohon yayi ce. Ƙashin jikinsa bututun ƙarfe ne da aka harhaɗa, aka ɗora masa haƙarƙarin katako, aka lulluɓe bayansa da yadin lilin da aka shafe da wani irin fenti mai ɗame shi kamar fatar ganga. Takwaransa Spitfire, wanda ya fi shi suna da kyan gani, jikinsa duk fallen ƙarfe ne, gyaransa sai ƙwararru. Shi kuwa Hurricane, sau da yawa harsashi kan huda yadin ne ya fice, makaniki ya liƙe wurin da ƙyalle a filin jirgi, a koma fagen daga. A gumurzun da aka yi a sararin Ingila daga Yuli zuwa Oktoba 1940, Hurricane ya fi Spitfire yawa, ya kuma fi shi kakkaɓo jiragen Jamus, amma yabon ya fi zuwa ga Spitfire.

Abin da ya kawo shi Afirka ta Yamma ya faru ne a Yuni 1940. Ranar 10 ga wata Italiya ta shiga yaƙin a gefen Jamus, ranar 22 Faransa ta miƙa wuya. Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila, alhali dakarunta da ke Masar suna matuƙar bukatar jiragen sama. Zagayawa ta kudancin Afirka kuwa tafiyar watanni ce. Sai aka tuna da wata hanya da aka riga aka share: ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen soja uku da suka taso daga Alƙahira ƙarƙashin Arthur Coningham sun sauka a Kano, su ne jiragen sama na farko da suka taɓa ƙasar Najeriya, kuma daga 1936 kamfanin Imperial Airways yana jigilar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano.

Aka zaɓi tashar jiragen ruwa ta Takoradi a Gwalkwas, wato Gana ta yau. Ana kawo jiragen a wargaje cikin manyan akwatunan katako, makanikan soja da leburori ƴan ƙasa su harhaɗa su, a gwada, a ɗaura musu ƙarin tankunan mai a ƙarƙashin fuka-fukai. Ayarin farko ya tashi a Satumba 1940: Hurricane shida, da jirgi mai injin biyu ƙirar Blenheim a gaba. Shi ne madugu, domin shi kaɗai ke da mai duba taswira. Zangon farko Legas, na biyu Kano, tazarar da ta haura kilomita 800. Daga nan sai Maiduguri, Fort Lamy, wadda ake kira Njamena yanzu, sai Janaina, Fashir da Ubayyid a Sudan, sai Hartum, a bi Kogin Nilu zuwa Masar. Tafiyar ta kusa kilomita 6,000, takan ci kwana shida in ba a sami tangarɗa ba. Daga Maiduguri zuwa Hartum, kusan sawun alhazan ƙasar Hausa masu tafiya Makka a ƙafa jiragen suka bi.

Siyasar iyaka ce ta tsara wannan hanya. Cadi, ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ta bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya, ranar 26 ga Agusta 1940, shi ya sa Fort Lamy ta buɗu wa Turawan Ingila. Nijar kuwa, kamar sauran Afirka ta Yamma ta Faransa da ake mulka daga Dakar, ta zauna a hannun gwamnatin Faransa ta Vichy mai ɗasawa da Jamus, har zuwa Nuwamba 1942. Saboda haka a waɗannan shekaru biyu Bahaushen Madawa, Buza ko Keita da ɗan'uwansa na Sakkwato ko Katsina sun kasance a ɓangarori biyu na rigimar da ba su suka haɗa ta ba. An tsaurara tsaron iyaka, fatauci ya yi wuya. Ga matuƙin jirgi kuma, daga Kano zuwa iyakar Nijar bai kai tafiyar awa ɗaya ba, wanda duk ya ɓace ya sauka ta arewa yana iya ƙarewa a tsare.

Ɓacewa kuwa ba abin wuya ba ce. Da hunturu hazo kan rufe ƙasa har matuƙi ya kasa ganin layin dogon da ke kai shi Kano, da damina ga hadari da tsawa. Rairayi yana cin injin da aka ƙera don sanyin Turai, dole aka ƙara masa wani babban abin tace iska a ƙarƙashin hanci, wanda ya rage masa gudu. Akan shafa wa bayan jiragen farin fenti domin a hango wanda ya faɗi a daji. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da matuƙa da yawa, cikinsu har da ƴan ƙasar Folan da suka yi wannan jigila. Jamusawa ma sun san darajar hanyar: a Janairu 1942 wani jirginsu guda ɗaya ya ratsa Sahara daga Libiya, ya jefa bama-bamai a filin Fort Lamy, ya ƙone rumbun mai.

Duk da haka, zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 iri daban-daban sun bi wannan hanya, Hurricane na cikin waɗanda suka fi yawa. Da irinsu aka yi yaƙin hamadar Libiya da Masar, har zuwa karon El Alamein a ƙarshen 1942. Coningham ɗin da ya sauka Kano a 1925 shi ne kwamandan sojan saman hamada a lokacin. An kuma yi amfani da Hurricane a ƙasar Bama da ke Asiya, inda sojojin Afirka ta Yamma, da Hausawa masu yawa a cikinsu, suka yaƙi Japan. Najeriya ta ba da kuɗi ma: gudummawar da aka tara ce ta sa aka laƙaba wa runduna ta 91 ta sojan saman Ingila sunan Najeriya, ko da yake Spitfire ita take tuƙawa.

An ƙera Hurricane wajen 14,500, sama da 1,400 daga ciki a Kanada. Na ƙarshe, mai lamba PZ865, ya fito a 1944. Da yaƙi ya ƙare aka sare mafi yawansu aka narke. Sauƙin ƙirar da ya taimake shi a fagen daga shi ya zama masa cikas daga baya: yadi da katako ba sa jure rana, ruwa da gara, bututun ƙarfen kuma yana tsatsa daga ciki. Injinan da ke naɗe ƙarfen da ke riƙe fuka-fukansa ma sun ɓace, sai da wani kamfani a Suffolk, Hawker Restorations, ya sake ƙera makamantansu kafin gyaran ya yiwu sosai. Shi ya sa masu iya tashi a yau ba su kai ashirin ba, adadin da Spitfire ya ninka.

PZ865 yana nan yana tashi daga sansanin Coningsby a Lincolnshire, tare da LF363, wanda ya faɗi ya kama wuta a 1991, aka sake gina shi ya tashi a 1998. Gidan tarihin kimiyya na Landan yana da L1592, wanda har fuka-fukansa na yadi ne. Wasu an tsamo su ne daga dazuzzukan arewacin Rasha, inda aka aika kusan 3,000 lokacin yaƙi. R4118, wanda ya yi yaƙin 1940, ya shafe shekaru a yashe a harabar jami'ar Banaras a Indiya, har Peter Vacher ya mayar da shi Ingila a 2001, ya sake tashi a Disamba 2004. A Afirka akwai guda a gidan tarihin soja na Johannesburg.

Na hanyar Takoradi kuwa, abin da ya rage galibi takardu ne da hotuna a ma'ajiyar tarihin Ingila, sai kaburburan matuƙa a wasu zangunan, sai filayen kansu. Na Kano, inda ayarin kan kwana a sha mai, shi ne yau filin jirgin sama na Malam Aminu Kano.