Fiɗiya da Dandaƙa a Fadamar Haɗejiya: Daga Takarkari zuwa Zomon Gida

A ƙasar Miga, wadda take cikin masarautar Dutse a Jihar Jigawa, da sauran garuruwan da suke shan ruwan kogin Haɗejiya, noma da kiwo sun daɗe suna tafiya tare, domin fadamar da take ba manomi shinkafa ita ce kuma take riƙe garken Fulani da rani, lokacin da ciyawar tudu ta bushe. Daga cikin tsofaffin dabarun kiwo na wannan yanki akwai hana namijin dabba barbara, abin da ake yi ta hanya biyu. Ta farko ita ce fiɗiya, wato a tsaga fatar maraina da aska a zare 'ya'yan, sa'annan a barbaɗa toka a kan raunin. Ta biyu ita ce dandaƙa, inda ake kayar da dabba, a ɗora jijiyar marainanta a kan itace, a yi ta bugu har ta mutu, 'ya'yan su shanye a hankali ba tare da an zubar da jini ba. Makiyaya sun fi son yin aikin da hunturu, saboda ƙuda yana raguwa, rauni kuma yana saurin bushewa.

Dalilan yin haka ba su wuce nama da aiki ba. Bunsurun da aka fiɗiye tun yana ƙarami shi ne taure, wanda warin nan na bunsuru yake barinsa, ya daina bin awaki, ya mayar da abin da ya ci kitse, mahauta kuma su saye shi da daraja. Sa kuwa ana dandaƙe shi ne don ya yi ladabi ya zama takarkari, wato san da ake ɗora wa kaya, kuma kafin zuwan mota da jirgin ƙasa irin waɗannan shanu, tare da jakuna da raƙuma, su ne suke ɗauko kanwa daga Barno su koma da hatsi da tufafin Kano ta hanyoyin da suka ratsa wannan yanki. Abin lura shi ne ba a taɓa mace, domin cire mahaifa sai an buɗe ciki, aikin da aska da toka ba su isa su yi ba, balle kuma ita macen ce jarin mai kiwo, babu wanda zai kashe haihuwarta da hannunsa.

Wanda yake son fahimtar iyakar wannan al'ada dole ya duba fiƙihun Malikiyya, wanda malaman zaure suka yi ƙarnuka suna karantarwa a ƙasar Hausa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, ya halatta fiɗiye tumaki da awaki saboda gyaran namansu, ya kuma kawo hani game da fiɗiye doki, dabbar yaƙi da ake bukatar ƙarfinta da yaɗuwar irinta. Wannan ya yi daidai da abin da ake gani har yau a hawan salla na Haɗejiya da Dutse, inda ingarmu ake hawa, ba dandaƙaƙƙun dawaki ba. A babin layya kuma littafin ya fifita ragon da ba a fiɗiye ba a kan fiɗiyayye, ya fifita fiɗiyayyen a kan tunkiya, ita kuma tunkiya a kan bunsuru. Ke nan layya da fiɗiyayyen rago ta inganta, sai dai tun da mai saye yana neman mafifici, mai turke ba ya ganin ribar taɓa ragonsa, shi ya sa a kasuwannin Maigatari da Gujungu ake samun tauraye, amma da wuya a ga Uda ko Balami fiɗiyayye. Hukuncin malamai da lissafin kasuwa sun haɗu a wuri guda, har ya yi wuya a tantance wanne ne ya ja ɗan'uwansa.

Zuwan Turawa ya shigo da dalili na uku, wato gyaran iri, ya kuma sa hannun hukuma cikin abin da a da shawarar mai dabba ce shi kaɗai. Annobar bushiya, cutar da ta kusa ƙarar da shanun Afirka ta Yamma wajen shekarar 1890, da kuma dogaron baitulmalin En'e a kan jangali, wato harajin shanu, su ne suka sa aka kafa sashen likitocin dabbobi a Zariya, wanda aka mayar da shi Vom a 1924. Malaman dabbobi da suke zagayawa yin allurar rigakafi sun zo da wani ƙarfe mai kama da babbar awartaki, mai suna Burdizzo, sunan likitan dabbobin Italiya da ya ƙirƙiro shi, wanda yake matse jijiyar maraina ba tare da yanka fata ba. A zahiri dandaƙa ce aka yi wa sabon makami, shi ya sa makiyaya ba su ga baƙunta a cikinta ba. Inda aka fi amfani da shi shi ne a kan awaki, domin fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko saboda ta can take isa gare su, tana da tsada a kasuwar waje, sai hukumomin mulkin mallaka na ɓangaren Sakkwato da na Maraɗi suka riƙa dandaƙe bunsuran da ba jajaye ba don kada su gurɓata irin.

Garmar shanu, wadda ma'aikatar gona ta fara yaɗawa a Arewa a ƙarshen shekarun 1920, ta kawo wani sauyi da ba a zata ba. Koyarwar malaman gona ita ce a dandaƙe shanun huɗa, amma manoma da yawa sun ƙi, saboda suna sayen ɗan maraƙi ne su yi huɗa da jan amalanke da shi 'yan shekaru, su turke shi, su sayar, kuma bijimi mai tozo da kaurin wuya ya fi kuɗi. Sai suka wadatu da huda hanci da horo.

Zomon gida shi ne baƙo na baya-bayan nan. Ba jinsi ɗaya ba ne da zomon daji na tatsuniya, asalinsa daga ƙasar Sifen da kudancin Faransa yake, kuma ya bazu a Arewa ta hanyar makarantu, da cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya, da shirye-shiryen raya karkara na shekarun 1980. A garuruwa irin Miga yawanci yara da matasa ne suke kiwonsa a akurki ko a rami, da harawa da dusa da ganyaye. Zomanya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 31, tana iya sake ɗauka da zarar ta haihu, kuma wannan yawan haihuwa shi ne dukkan ribar mai kiwo. Namijin kuma ana yanka shi ko a sayar da shi yana ɗan wata 3 zuwa 4, kafin balaga ta sa shi faɗa, don haka bukatar fiɗiya ba ta taso ba.

A Ingila da Amurka, inda ake ajiye zomo a ɗaki don ɗebe kewa, ya shekara 8 ko fiye, lissafin ya juye. Can mace ce aka fi damuwa da ita, domin sankarar mahaifa ta yi yawa a zomanyar da ta haura shekara 3 zuwa 4, sai likita ya sa mata maganin barci ya cire mahaifar da ƙwayayenta. Namijin kuma ana fiɗiye shi don ya rage cizo da fesa fitsari, ko da yake yana iya ba da ciki har wasu makonni bayan aikin. Ƙungiyar House Rabbit Society, wadda aka kafa a Kalifoniya a 1988, tana cikin waɗanda suka yaɗa wannan ra'ayi. A can ana yin aikin ne don tsawon ran dabbar da zaman lafiyar gida, dalilin da tsohuwar fiɗiyar Hausa ba ta san shi ba.

Akwai kuma bambancin halitta da ya kamata mai kiwo ya sani, domin ƙofar da ke tsakanin cikin zomo da marainansa ba ta rufewa, yana iya janye 'ya'yan zuwa ciki idan ya tsorata, kuma yankan da ba a ɗinke da kyau ba yana iya sa hanji ya zazzago. Saboda haka dabarar da ta yi wa taure da takarkari amfani ba ta dace da zomo ba, aikinsa na likitan dabbobi ne. Mai kiwon zomaye a Miga da yake son rage faɗa da haihuwa barkatai ya raba maza da mata tun suna 'yan wata 3, ya ba kowane babban namiji akurkinsa.