Hima: Tsohon tsarin kare wuraren kiwo a Madina

Hima fili ne da hukuma ke keɓewa domin amfanin al'umma, a hana kiwon barkatai a cikinsa. Kafin Musulunci, shugabannin ƙabilun Larabawa kan kame irin wannan fili don kansu. Annabi Muhammad (SAW) ya soke wannan al'ada, ya keɓe kwarin Naƙi'i da ke kudu da Madina ga dawakan Musulmi.

Halifa Umar ya keɓe Rabaza ga raƙuman zakka. Ya umarci mai gadin wurin ya bar masu 'yan dabbobi kaɗan su yi kiwo, ya hana garkunan attajirai irin su Usman bin Affan da Abdurrahman bin Auf. Hujjarsa ita ce, idan dabbobin attajiri suka mutu yana da gonakin dabino, talaka kuwa ba shi da madogara.