Wa Ke Riƙe Wa Mai Jego Wurinta? Tarihin Komawa Aiki Bayan Haihuwa

 Da kwamiti ya ce kowa ta kawo abin da za a buga saboda bikin cikar shekarar ƙungiyarmu, sai na zaɓi in bi tarihin abu ɗaya da ya shafe mu duka: idan mace ta haihu, yaushe take komawa bakin aikinta, kuma wa ke riƙe mata wurin kafin ta dawo? Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta taya ni neman shekaru da sunaye. Sauran kuwa abin da muka taso muka tarar ne.

Kakanninmu ba su san kalmar hutun haihuwa ba, amma suna da shi, kuma nasu ya fi na takarda tsauri. Mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta tun cikin yana wata bakwai ko takwas. Idan ta sauka, ungozoma ta yanke cibi, sai wanka ya fara: ruwa tafasasshe safe da yamma, da ganyen runhu ko na darbejiya, kwana arba'in, 'yar fari ma har a ƙara mata. Miji shi ke kawo itace da kayan ƙauri. Ga kunun kanwa, ga nama da yaji. A cikin kwanakin nan ba ta girki, ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa. Sai ta cika arba'in ta yi kitso da lalle, ta fita yawon arba'in, kowa ya san ta dawo cikin mutane.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, matan nan duk masu sana'a ne. Akwai littafin Baba ta Karo, wanda wata Baturiya, Mary Smith, ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. A ciki za ki ga mata suna kaɗi, suna sayar da abinci daga cikin gida, suna tara abin hannunsu. Wata Baturiyar kuma, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta tarar da cinikin hatsi da ƙuli-ƙuli da mai da ake yi a cikin gidaje ya kai a kira shi kasuwa, sai dai kasuwa ce da ba a gani daga titi. To in mai ƙosai ta shiga wanka, wa ke suya? Kishiya ko facala ko uwar miji ta karɓi kasko, 'yan mata su ci gaba da talla, masu saye ba su ma san an canza hannu ba. Ranar suna kuma ƙawaye su kawo biki, wanda bashi ne a fakaice: abin da kika kai wa wata za ta mayar miki da ƙari ranar taki hidimar. Kuɗin nan da yawa da shi ake tayar da jari bayan arba'in. Kun ga ke nan gida da ƙawaye su ne ofishin da ke biyan mai jego a wancan zamani.

Ba zan ce komai na da alheri ba ne. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun bi mata sama da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suna kumburi suna haki. Suka danganta abin da yawan kanwa, da zafin wanka, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciya ta yi ta fama. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna hawan jini da rashin abinci mai gina jiki da talauci su ma suna da hannu sosai. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, a rage kanwa, a sassauta zafin ruwa, amma kada a taɓa hutun. Mai jego da ta ga ƙafa ta kumbura ko numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta, asibiti za a kai ta ranar, ba a jira arba'in.

Hutun da aka rubuta a doka kuwa daga ƙasashen masana'antu ya zo. A 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi taronta na farko a Washington ta Amurka, aka amince cewa ma'aikaciya ba za ta yi aiki ba har mako 6 bayan haihuwa, tana da damar barin aiki mako 6 kafin haihuwa, kuma in ta dawo a ba ta rabin awa sau biyu a rana ta shayar. Ku lissafa mako 6: kwana 42 ne. Wato abin da manyan duniya suka taru suka sa wa hannu, kakata tana yin sa da tukunyar ruwan zafi ba tare da ta san an yi taro ba. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda aka kafa zamanin mulkin Gowon, ta ɗauki wannan tsari a sashe na 54: mako 12 gaba ɗaya, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki a wurin. A 2000 ƙungiyar ta duniya ta ɗaga ma'aunin zuwa mako 14. Legas ta ba ma'aikatanta mata wata shida a 2014, gwamnatin tarayya ta sanar da wata huɗu a 2018, mu kuma a Jihar Kaduna aka amince da wata shida a 2019 zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i, don uwa ta samu shayar da nono zalla na wata shida kamar yadda likitoci ke cewa.

Wata shida da albashi abin a yaba ne. Amma na ma'aikatan gwamnatin jiha ne. Malamar makarantar kuɗi tana ƙarƙashin waccan tsohuwar doka ta mako 12, kuma da yawa ko shi ba sa samu, suna tsoron kafin su dawo an ɗauki wata.

A cikin malamai akwai waɗanda na fi tausaya wa, su ne masu koyar da motsa jiki, domin akwai su cikin 'ya'yanmu da ƙannenmu. Malamar lissafi in ta dawo, alli za ta ɗauka. Malamar motsa jiki kuwa jikinta ne allinta. Ita za ta fara tsalle yara su gani, ita za ta durƙusa ta tallafi bayan yarinya mai koyon alkafura kada ta faɗi a wuya. Ciki yakan buɗe naman gaban ciki gida biyu, ya sassauta naman da ke riƙe da mara da mafitsara, shi ya sa wata in ta yi tsalle ko tari sai fitsari ya zubo, ba ta iya gaya wa kowa. Wadda aka yi wa aiki aka ciro ɗa kuwa, ɗinkinta yana buƙatar lokaci fiye da haka. Likitoci sukan ce a je a duba mace a mako na shida, sannan ta fara da tafiya da motsi mai sauƙi, nauyi da tsalle su zo daga baya.

A tarihin wasan alkafura da lanƙwasa jiki na duniya akwai matar da ake yawan ba da labarinta a kan wannan, Larisa Latinina ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, haifaffiyar Yukren. Ta ci zinare a gasar Olamfik ta 1956. A 1958 aka yi gasar duniya a Mosko, ta shiga da cikin wata huɗu, ta ɓoye don kada a hana ta, ta kuma ci zinare biyar. Ta haifi 'yarta a Disambar shekarar. A 1960 ta koma Olamfik a birnin Rum ta sake zama ta ɗaya a duniya. Lambobinta na Olamfik 18 ne, ba wanda ya wuce ta sai a 2012. Da ta daina wasa a 1966 sai ta zama mai horar da 'yan matan ƙasarta har 1977, kuma a hannunta suka ci zinaren ƙungiya a 1968 da 1972 da 1976. Akwai kuma Oksana Chusovitina ta Uzbekistan, da ta haihu a 1999, ta shiga Olamfik a 2000, ta ci azurfa a 2008 tana da shekara 33, a wasan da ake cewa na 'yan mata ƙanana ne.

Masu ba da labarin nan sukan tsaya a kan jarumta. Ni ɓoye cikin nan bai burge ni ba, tausayi ya ba ni, don na san irin tsoron: kar a gane, a ba wata wurinki. Wallahi a kasuwa ma muna da masu ɗaure ciki da zane suna ɗaga kwando har watan haihuwa. Abin da na fi dubawa shi ne abin da ya sa ta iya dawowa. A ƙasarsu tun 1956 doka ta ba mace kwana 112 na hutu da biya, kuma wurinta yana jiran ta. Ta tafi ta haihu, ta dawo ta tarar da ɗakin horo da mai horar da ita.

Yanzu mu dawo gida. Aikinmu shi ma na jiki ne, ko da ba a ba mu lambar zinare. Mai sarin tumatir a Ikara kwando take ja tun asuba. Mai rake a Makarfi dami take juyawa. Mai mazarƙwaila a Kudan da Hunkuyi, da mai suyar ƙuli-ƙuli, yini suke a bakin wuta. Ba mu da albashi, balle rabinsa. Kuma tsohon tsarin da ya riƙe kakanninmu ya yi rauni. Tun da aka fara ilimin firamare kyauta na UPE a 1976 'yan mata suka fara tafiya makaranta, kuma haka muke so, ni da na koyi karatu da furfura ba zan ce a cire yarinya daga aji don talla ba. Manyan gidaje sun rarrabu, kowa da ɗakin hayarsa. Facalar da za ta karɓi kasko ita ma tana da nata. Itacen wanka ya yi tsada, bikin da ƙawa za ta kawo bai kai kuɗin kwandon tumatir ɗaya ba lokacin tsada.

Sakamakon muna ganin sa. Mace ta yi suna, kafin mako uku ta goya jinjiri ta koma rumfa, saboda tumatir ba ya jira, mai saye in ya saba da wata rumfar ya tafi ke nan, ga zubin adashi yana zagayowa ba ruwansa da jego. Wadda ta daure ta cika arba'in kuma sau da yawa jarin ta cinye, ta dawo da bashi. Wasu daga nan ne suke ficewa daga ƙungiya, ba don sun so ba, sai don kunyar a kira suna ranar zubi ba su da shi.

Don haka ina roƙon Hajiya shugaba da iyayenmu na kwamiti a sa abu uku cikin ajandar taron da zai biyo bayan biki. A ɗage wa mai jego zubi na kwana arba'in, wadda aka yi wa aiki kuma wata uku, ta biya a hankali daga baya ba tare da tara ba. A buɗe ƙaramin asusu na jego da kowa za ta riƙa jefa abin da aka yanke a wata, a ba mai haihuwa ranar suna da sunan jari, kada ya tafi a ɗinkin anko. Na ukun shi ne ya fi wuya, don yana buƙatar amana: kafin mace ta haihu ta zaɓi 'yar ƙungiya ɗaya da ke kusa da rumfarta, a rubuta a littafin ma'aji kayan da ta bari da kason da mai riƙon za ta ɗauka daga riba, su biyun su sa hannu ko su dangwala. 'Yan ajinmu na yaƙi da jahilci mun yarda za mu riƙa yin rubutun kyauta. Malaman makaranta da ke cikinmu, musamman na makarantun kuɗi, su zo da takardar ɗaukarsu aiki ranar taron, a karanta tare a ga me aka rubuta game da hutun haihuwa.