John Magee: Matuƙin da Ya Tsira Daga Jamusawa, Ya Mutu a Atisaye

Ranar Alhamis, 11 ga Disamba 1941, gab da tsakar rana, wani manomi a yankin Roxholme da ke gundumar Lincolnshire ta Ingila ya ɗaga kai ya ga jirgin yaƙi samfurin Spitfire yana rikitowa. A shaidar da ya bayar daga baya, ya ce ya hango matuƙin yana kokawa da murfin gilashin da ke kansa. Da ƙyar ya ture shi, ya miƙe, ya yi tsalle. Amma ƙasa ta riga ta matso, laimar saukarsa ba ta samu zarafin buɗewa ba. Sunan matuƙin John Gillespie Magee, shekarunsa 19.

Babu Bajamushe ko ɗaya a sararin samaniyar wurin a ranar. Magee da abokan aikinsa na runduna ta 412 ta sojan saman Kanada atisaye suka fita, suna kan hanyar komawa sansaninsu na Wellingore. Suna ratsowa ƙasa ta cikin gajimare, a tsayin kusan ƙafa 1,400, sai jirginsa ya yi karo da wani jirgin koyon tuƙi samfurin Airspeed Oxford da ya taso daga Cranwell. Sansanonin jiragen Lincolnshire a lokacin kusan a manne suke da juna, ga hazon hunturu, ga samari da ba su daɗe da kama sitiyari ba. Irin wannan haɗari bai zama baƙon abu ba: sashen jiragen jefa bama-bamai na Birtaniya kaɗai ya yi asarar mutum fiye da 8,000 a haɗurra lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ba tare da an harba musu ko harsashi ba.

An haifi Magee a birnin Shanghai na ƙasar Sin ranar 9 ga Yuni 1922. Mahaifiyarsa 'yar Ingila ce. Mahaifinsa Ba'amurke ne, ɗan mishan, kuma shi ne wanda ya ɗauki hotunan fim na kisan gillar da sojojin Japan suka yi a Nanjing a 1937. Yaron ya yi karatu a makarantar Rugby a Ingila, inda ya ci gasar rubutacciyar waƙa a 1939. A 1940 Jami'ar Yale ta ba shi gurbi har da tallafin karatu. Ya ajiye wannan a gefe. Amurka ba ta shiga yaƙin ba tukuna, don haka ya tsallaka Kanada ya shiga sojan sama a watan Oktoba, ya samu shaidar zama matuƙi a Yunin 1941.

A Llandow da ke Wales, cikin watan Agusta, ya hau da Spitfire har ƙafa 33,000. Abin da ya ji a can sama ne ya haifi waƙarsa mai layi 14, "High Flight", wadda ya aika wa iyayensa a cikin wasiƙa a farkon Satumba.

Ya dai ɗanɗana gumurzu na gaske. Ranar 8 ga Nuwamba suka yi wa jiragen bama-bamai rakiya zuwa wajen Lille a Faransa, jiragen Jamus suka far musu. Cikin su huɗu da ke tafiya a rukuni ɗaya, shi kaɗai ya dawo gida. Wata guda da 'yan kwanaki bayan nan ajali ya same shi a atisaye, a ranar da Hitler ya ƙaddamar da yaƙi a kan Amurka. Aka binne shi a maƙabartar Scopwick ranar 13 ga wata.

Waƙar ta yi nisan da mai ita bai yi ba. A Fabrairun 1942 aka baje ta a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, kuma ranar 28 ga Janairu 1986, da kumbon Challenger ya tarwatse da mutum 7, Shugaba Ronald Reagan ya aro kalmominta ya rufe jawabinsa.

A ganina, shaharar waƙar ta yi wa labarin kwaskwarima fiye da kima. Masu karanta ta a taron tunawa da mazan jiya sukan bar mai sauraro da zaton cewa marubucinta a fagen daga ya faɗi. Kuma ba kasafai ake cewa mutum biyu suka mutu a wannan karo ba. Wanda ke tuƙa jirgin na Oxford, Ernest Aubrey Griffin, ɗalibi ne da bai ma kammala koyon tuƙi ba. Shi ma shekarunsa 19.